Aiki Nan Take ko Asusun Wakafi: Wanne Ya Fi Dacewa da Gudummawar Tsofaffin Ɗalibai ga Muhallin Makarantun Kaduna?

Duk ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da ta tara kuɗi da niyyar gyara muhallin makarantar da ta yaye ta, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce, ko Jami'ar Jihar Kaduna, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ko ta Nuhu Bamalli, ko Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da wuya ta tashi daga zamanta na farko ba ta rabu gida biyu ba. Ɓangare ɗaya zai ce a kashe kuɗin yanzu, a kafa wutar sola, a haƙa rijiyar burtsatse, a dasa itatuwa, kowa ya gani da idonsa kafin shekara ta zagayo. Ɗaya ɓangaren zai ce a bar uwar kuɗin a asusun wakafi, a riƙa juya ta ana kashe ribar kaɗai, domin amfanin ya kai ga ɗaliban da ba a ma haifa ba. Kowannensu yana da hujja mai ƙarfi, kuma gardamar takan yi tsawo ne saboda ana yin ta kamar zaɓi tsakanin masu gaggawa da masu hangen nesa, alhali abin da zai raba ta lissafi ne: nawa aka tara, wane irin aiki ake nufi, kuma wa zai riƙa bayyana wa jama'a inda kowace naira ta shiga.

Kafin a auna hanyoyin biyu, ya kamata a san dalilin da ya sa maganar muhalli a harabar makaranta ta zama maganar kuɗi tsantsa a 'yan shekarun nan. A watan Afrilun 2024 hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙasa ta ɗaga farashin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na awa ɗaya, sannan daga baya farashin ya tsaya a wajajen naira 209. Manyan jami'o'i da asibitocin koyarwa da dama sun faɗa cikin wannan rukuni, kuma hukumar Jami'ar Ahmadu Bello ta fito fili ta bayyana cewa kuɗin wutarta na wata guda ya kai ɗaruruwan miliyoyin naira. Man gas na janareta kuwa ya haura naira 1,000 a lita a ƙarshen 2023, kuma lita ɗaya ba ta ba da abin da ya wuce kilowat uku da 'yan kai. Ruwa ma yana rataye ne a wuyan wuta, domin sai an tura shi daga madatsar Kubanni kafin ya kai ɗakunan kwanan ɗalibai a Samaru, haka kuma sai famfon burtsatse ya tashi kafin tankunan harabobin Kwalejin Kimiyya da Fasaha da ke Tudun Wada ko Unguwar Rimi ko Barnawa su cika. Saboda haka duk wanda ya rage wa makaranta ƙonen man gas, hayaƙi ya rage kuma bashi ya rage a lokaci guda.

Hujjar masu son aiki nan take ta fi ƙarfi a kan wutar sola, kuma lissafinta ba shi da wahala. A yanayin ranar Kaduna, faifan sola mai ƙarfin kilowat ɗaya yakan ba da kilowat huɗu zuwa biyar a yini. A ɗauka ƙungiya ta kafa na kilowat 100 a saman ɗakin karatu da ɗakunan gwaje-gwaje: idan an cire asarar ƙura da kwanakin hadari, zai samar da kimanin kilowat 150,000 a shekara, wanda a farashin rukunin A ya haura naira miliyan 30, a farashin janareta kuma ya zarce haka nesa. Wannan riba ce da ba ta bi ta hannun banki ba, ba a biyan dillali a kanta, kuma duk lokacin da aka ƙara kuɗin wuta ita ma ƙaruwa take yi. Faifan kansa yakan kai shekara 25 yana aiki. Ba kuma sabon abu ba ne a Arewa, domin Jami'ar Bayero ta Kano ta samu tashar sola haɗe da janareta mai jimillar megawat 7.1 a 2019 a ƙarƙashin shirin hukumar samar da wuta a karkara na wadata jami'o'i da lantarki, kuma Makarantar Horar da Hafsoshin Soja da ke Afaka tana cikin zango na biyu na wannan shiri.

Akwai wata fa'idar da ba a cika faɗa a zauren taro ba, amma kowa ya san da ita: aikin da ake gani yana janyo wani kuɗin. Gani ya kori ji, kuma ɗan ƙungiyar da ya ba da naira dubu hamsin yana ɗari-ɗari, idan ya ga tanki yana ambaliya a makarantarsu, baɗi zai ba da ninki. Manyan masu bayarwa ma mafi yawa wannan hanya suke bi. Gidauniyar Aliko Ɗangote ta miƙa wa Jami'ar Ahmadu Bello rukunin ɗakunan kwanan ɗalibai a 2019, kuma gidauniyar Abdussamad Rabi'u ta ware mata naira biliyan ɗaya a 2021 domin ayyukan gine-gine. Hukumar TETFund, wadda ita ce babbar madogarar manyan makarantun gwamnati wajen gini da kayan aiki, ita ma ƙarfinta ya fi karkata ga abin da za a gina a buɗe.

Raunin wannan hanya yana bayyana ne bayan an kwashe kujerun biki. Faifan sola yana daɗewa, amma batir na ruwa da wuya ya wuce shekara uku ko huɗu a zafinmu, na lithiyam yakan kai kimanin goma idan an kula da shi, injin inbata ma wa'adinsa bai wuce haka ba, kuma dukkansu da dala ake shigo da su. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana kwanciya a kan faifai ta rage masa ƙarfi, sai an samu wanda aikinsa ke nan ya riƙa wankewa, shi kuma yana buƙatar ruwa da tsani da albashi. Sashen ayyuka na makaranta yana karɓar kyautar da hannu biyu, amma kasafinsa ba ya ƙaruwa saboda an kawo masa sabon kaya. Wanda ya zaga manyan makarantunmu ba zai rasa ganin fitilun titi na sola da suka mutu suna tsaye ba, kuma mafi yawansu ba wani babban abu ne ya kashe su ba, batir ne ya ƙare babu wanda aka ɗora wa alhakin canza shi.

Dashen itatuwa ya fi kowane aiki nuna wannan rauni. Sayen dashe shi ne mafi arha a cikin aikin, kuma shi ne ake ɗaukar hoto a kansa. Abin da ke cin kuɗi shi ne ban ruwa daga ƙarshen Oktoba zuwa Afrilu har rani biyu ko uku, da keji na kare dashen daga awaki da shanu, da maganin gara, da share ciyawa kafin lokacin gobarar daji. Ƙungiyar da ta kashe duk abin da ta tara a rana ɗaya ta dasa dubu biyar ba ta sayi inuwa ba tukuna. Ga kuma batun irin itacen: darbejiya da turare da malaina suna saurin tashi, shi ya sa 'yan kwangila suke son su, amma turare yana shan ruwan ƙasa sosai, bai dace a jera shi kusa da rijiya ko fadama ba, yayin da maɗaci da tsamiya da ɗorawa da kaɗanya suke da jinkiri amma su ne 'yan ƙasa, su ne kuma za su rayu bayan masu dasa su. Shawarar wannan tana kusa, domin ga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a Afaka, ga tashar binciken gandun daji a Samaru. Abin da ya dace da Kafanchan mai yawan ruwan sama ba lallai ne ya dace da Zariya ba.

Daga nan ne masu son wakafi suke samun bakin magana, kuma tarihi yana bayansu. Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Haibara a kan ba za a sayar ba, ba za a kyautar ba, ba za a gada ba, amfaninta kaɗai za a riƙa bayarwa. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Jami'ar Azhar ta Alƙahira da ta Ƙarawiyyin da ke Fas sun yi ɗaruruwan shekaru suna rayuwa da dukiyar wakafi. A Amurka tsarin ya ɗauki wata siffa: asusun Jami'ar Harvard ya kai dala biliyan 53.2 a 2024, kuma abin da ake cirewa daga cikinsa a shekara yana ɗaukar fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gudanar da jami'ar. Ƙa'idarsu ita ce a kashe kimanin kashi 5 cikin 100 na darajar asusun a shekara, Jami'ar Yale ta tsayar da nata a 5.25, sauran ribar kuma a mayar da ita cikin uwar kuɗi domin ta riƙa bin hauhawar farashi. Irin wannan asusu shi ne maganin ainihin ciwon da aka ambata a sama, domin albashin mai ban ruwa da kuɗin batir da man motar kwasar shara buƙatu ne na kowace shekara, kuma kuɗin da ke zuwa kowace shekara ne kaɗai zai iya ɗaukarsu.

Sai dai wannan ƙa'ida ta kashi 5 an gina ta ne a ƙasar da hauhawar farashi ba ta cika wuce kashi 2 ko 3 ba, kuma kwaso ta yadda take a kawo Kaduna kuskure ne mai tsada. A ɗauka an ajiye naira miliyan 100 a farkon 2023, lokacin da dala take wajajen naira 460 a farashin hukuma. Darajar kuɗin ta haura dala 217,000. Da aka saki naira a watan Yunin shekarar, har dala ta kai naira 1,500 a farkon 2024, wannan miliyan 100 ɗin ta koma ƙasa da dala 67,000, wato batir da inbatan da za ta iya saye sun ragu da fiye da kashi biyu cikin uku ba tare da kowa ya taɓa sisi ba. Sukuk, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, wanda gwamnatin tarayya ta fitar a 2023 yana biyan kashi 15.75 a shekara, amma hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 a Disamban 2024. Asusun da yake samun 16 alhali kaya suna tashi da 30, ko ba a cire komai ba raguwa yake yi, tamkar randa mai yoyo da ake ƙara mata kofi tana zubar da kwano. Idan kuma aka cire ribar gaba ɗaya aka kashe, kamar yadda ƙananan asusu da yawa suke yi, adadin da ke takarda zai zauna daram amma ƙarfinsa zai riƙa zagwanyewa shekara bayan shekara.

A nan akwai abin lura da masu kawo misalin Harvard sukan tsallake. Wakafin da aka ambata na farko ba tsabar kuɗi ba ne, gona ce da rijiya, daga baya kuma shaguna da gidajen haya da lambuna. Kadara tana bin farashi ta hanyar da takardar banki ba ta iyawa. Ɗakunan kwanan ɗalibai a Samaru ko Kongo a Zariya, ko kusa da harabar Jami'ar Jihar Kaduna da ke kan titin Tafawa Ɓalewa, ko jerin shaguna a bakin ƙofar makaranta, hayarsu tana tashi tare da rayuwa, kuma kowa yana iya ƙirga ɗakunan ya ninka da kuɗin haya ya san abin da ya kamata ya shigo. Wahalarsu ita ce suna buƙatar jari mai kauri tun farko, da takardun fili masu tsabta, da mai kula wanda ba zai cika ɗakunan da 'yan uwa kyauta ba, sannan ginin ma yana cin kuɗin gyara kafin ya ba da rara. Ƙungiyar da abin da ta tara bai wuce miliyan talatin ko arba'in ba, wannan ƙofa ba a buɗe take gare ta ba.

Bayyana lissafi shi ne inda hanyoyin biyu suka fi bambanta, kuma a ganina shi ya fi cancantar ɗaukar lokacin taro. Aiki nan take yana da ƙofar ɓarna guda ɗaya babba, wato ranar ba da kwangila: a ƙara farashi, ko a rubuta batir na lithiyam a kawo na ruwa, ko a ce an haƙa mita 100 alhali an tsaya a 60. Wannan ana iya toshe ta da neman farashi daga kamfanoni uku a buɗe a gaban 'yan ƙungiya, da ɗauko injiniya daga cikin tsofaffin ɗalibai wanda ba shi da alaƙa da ɗan kwangilar, da riƙe wani kaso na kuɗin sai aikin ya cika shekara yana tafiya. Ga rijiya kuwa, Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana nan a Mando. Da an wuce wannan rana, haɗarin ya ragu ƙwarai. Asusun wakafi kuwa ƙofarsa a buɗe take kowace shekara har abada, kuma ɓarnarsa ba ta da ƙara. Ana iya ranta wa makaranta uwar kuɗin domin a biya wata buƙata ta gaggawa da niyyar mayarwa, ana iya ajiye shi a bankin da wani amintacce yake da hannu a ciki a kan riba ƙasa da ta kasuwa, ana iya barinsa kwance a asusun da ba ya haifar da komai, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a gani ta tagar mota.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. Daga 2007 zuwa 2011 wata cibiya a Amurka ta riƙa ba manyan jami'o'in Amurka da Kanada maki a kan kula da muhalli, kuma a cikin fannoni tara da take aunawa, uku sun shafi asusun jami'a ne: ko ana bayyana inda aka zuba shi, da irin harkokin da ake fifitawa, da yadda jami'a take kaɗa ƙuri'arta a kamfanonin da take da hannun jari. Makarantu da yawa da suka yi fice a gine-gine masu tsimin wuta da sarrafa shara, a fannin bayyana asusu ne suka fi faɗuwa. Dalilin haɗa abubuwan biyu a ma'auni ɗaya a fili yake, domin babu ma'ana makaranta ta riƙa dasa itace a harabarta alhali dukiyarta tana cikin harkar da ke cinye daji a wani wuri. Matsin lambar ɗalibai da malamai a kan wannan batu ya ɗauki shekaru kafin Harvard ta sanar a Satumban 2021 cewa za ta daina zuba jari a kamfanonin man fetur da kwal. A wurinmu tambayar za ta ɗauki kamannin gida: asusun da aka kafa domin inuwa da ruwa bai kamata a same shi a cinikin gawayi ko kwasar yashi a bakin kogin Kaduna ba, komai ribarsu.

Inda za a zuba kuɗin yana kuma da wata fuska da ƙungiyar Kaduna ba za ta iya kauce mata ba, tunda 'ya'yanta Musulmi ne da Kirista, daga Zariya har Kagoro. Wasu ba za su yarda gudummawarsu ta shiga harkar kuɗin ruwa ba, kuma gara a warware wannan a rubuce tun ranar farko da a bari sai riba ta shigo a fara jayayya. Zaɓi yana nan. Sukuk na gwamnatin tarayya, wanda aka fara fitarwa a Satumban 2017 da naira biliyan 100, haya yake biya, kuma hanyoyi ake ginawa da shi, ciki har da hanyar da ta kewaye Kaduna ta gabas. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, suna karɓar ajiyar zuba jari. Takardun lamunin kare muhalli da gwamnati ta fara fitarwa a Disamban 2017 da naira biliyan 10.69, waɗanda aka yi aikin wutar jami'o'i da dashen itatuwa da kuɗinsu, sun fi kusa da manufar asusun, amma su ruwa suke biya, don haka ba kowa za su gamsar ba.

Sai tambayar hannun da zai riƙe kuɗin. Idan aka miƙa shi ga makarantar gwamnatin tarayya, dole a nemi bayani a rubuce a kan matsayinsa game da asusun bai-ɗaya na gwamnati, wanda aka tilasta wa hukumominta ajiye kuɗinsu a ciki a 2015, domin kuɗin da ya shiga can ba ya fita da sauƙi, ba kuma a juya shi yadda mai wakafi yake so. Fa'idar wannan hanya ita ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 tana ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma a ba shi amsa cikin kwana bakwai. Ga makarantun jiha kuwa, Kaduna ta shiga ƙawancen gwamnatocin da suka yi alƙawarin gudanar da mulki a buɗe tun 2018, wanda hakan hujja ce a hannun mai tambaya. Idan kuma ƙungiya ta yi wa asusun rajista da kanta a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a matsayin kwamitin amintattu ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, iko yana hannunta, kuma doka ta wajabta mata miƙa bayanin shekara-shekara. Amma miƙa takarda a Abuja daban, sanar da ɗan ƙungiyar da ke koyarwa a Saminaka daban. Abin da ya kamata tsarin mulkin asusun ya tilasta shi ne a wallafa, a inda kowa zai gani, adadin da aka yi alƙawari ranar ƙaddamarwa da adadin da ya shigo hannu a zahiri, domin tazarar da ke tsakaninsu takan yi faɗi. Da sunan kowane wuri da aka zuba kuɗi da ribar da ya kawo, a ajiye ta gefe da gefe da hauhawar farashin shekarar. Da abin da aka kashe a kan gudanarwa, har kuɗin zama da na tafiye-tafiyen amintattu. Da rahoton mai binciken kuɗi na waje wanda babban taro ne ya zaɓe shi, ba shugaba ba. Amintattu su kasance masu wa'adi, kuma a samu kujerar malami da ta ɗalibi mai ci, domin su ne suke kwana da aikin.

Ɓangaren muhallin ma yana da nasa lissafin da ake iya ɓoyewa, kuma wannan ya shafi hanyoyin biyu daidai. Yawan dashen da aka binne ba sakamako ba ne. Sakamako shi ne yawan waɗanda suke da rai a watan Afrilu, bayan rani ya gama gwada su. Girman faifan da aka kafa ba sakamako ba ne. Sakamako shi ne abin da mita ta nuna a ƙarshen wata, da litar man gas da aka daina saye. Ma'aunin GreenMetric da Jami'ar Indonesiya take fitarwa tun 2010 yana duba wuta da ruwa da shara da sufuri da filayen kore da koyarwa, kuma ko makaranta ba ta shiga gasar ba, tambayoyinsa sun isa a ara. Ɗaliban injiniya da na kimiyyar muhalli za su iya karanta mitoci da ƙirga itatuwa a matsayin aikin kammala karatu, wanda hakan zai samar da alƙaluma masu zaman kansu kusan kyauta.

Idan aka ɗora duk wannan a sikeli, hukuncina ya bambanta da girman kuɗin. Ƙungiyar da ta tara miliyoyi goma-goma, a wannan yanayi na naira, aiki nan take ya fi mata, amma ba kowane aiki ba: sola ta rana wadda za ta tura famfon burtsatse zuwa tanki mai tsawo ta kuma riƙe ɗakin karatu da ɗakunan gwaji a lokutan aiki, da batir kaɗan gwargwadon larura, tunda ruwan da aka tara a tanki da rana yana biyan buƙatar dare ba tare da batir ba. Kada kuma a kashe kuɗin duka. A ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar a ajiye a sukuk ko makamancinsa da sunan gyara da canjin kaya, wanda shi ne ƙaramin wakafin da aikin ba zai rayu ba sai da shi. Dashen itatuwa da kwasar shara, tunda ba sa dawo da kuɗi sai ɗan abin da za a samu daga 'yan gwangwan masu sayen robobi da kuma takin da aka haɗa daga sharar ɗakin girki, a yi musu kasafin rani uku cur, a rage yawan dashen har ya yi daidai da abin da za a iya shayarwa. Mai ɗaruruwan miliyoyi ko fiye kuwa, wakafi ne ya fi dacewa da shi, da sharaɗin rinjayen dukiyar ya kasance kadara mai kawo haya, tsabar kuɗi ta zama ƙaramin kaso.

Akwai gada tsakanin biyun da ta cancanci a gwada ta. Jami'o'i da dama a Amurka suna da asusu mai zagayawa, na Harvard ya kai dala miliyan 12, inda ake biyan kuɗin aikin tsimin wuta ko ruwa, sannan abin da aka rage a kuɗin wuta ya riƙa komawa asusun har ya cika a sake wani aikin. A misalin kilowat 100 na sama, ko da rabin abin da aka rage ne makaranta ta yarda ta mayar, naira miliyan 15 ke nan a shekara, adadin da wakafin tsabar kuɗi sai ya kai kusan miliyan 100 kafin ya haifar da shi a takarda. Wahalar ita ce kuɗin da aka rage ba kuɗi ne da ke shigowa hannu ba, kuma makarantar da ake bin ta bashin wuta za ta so ta haɗiye rarar gaba ɗaya. Saboda haka tsarin ba ya tsayuwa sai da mita ta musamman a kan aikin, da farashin kilowat da aka amince da shi tun farko, da ranar biya a kowane wata uku, da sharaɗin cewa idan an tsallake biya sau biyu ƙungiya za ta dakatar da zango na gaba. Yarjejeniyar kuma kada ta tsaya a sa hannun shugaban jami'a ko na kwaleji kaɗai, domin wa'adinsa yawanci shekara biyar ne, faifan kuma zai iya ganin shugabanni biyar. A nemi majalisar gudanarwar makarantar ta amince da ita a zamanta, a rubuta lambar ƙudurin a jikin takardar, a kuma ba ofishin ma'aji da sashen ayyuka da ƙungiyar ɗalibai kwafi kowannensu kafin a sauke kaya na farko daga mota.